Inna Attracta, Mai Jin Hirar Matan Masaƙa

Kullum da safe Inna Attracta Devanney takan gangaro bakin kogi ta buɗe ƙofar tsohuwar masaƙar ulu ta garinmu. An rufe masaƙar tun ba a haife ni ba. Takan share ƙasa, ta ɗiga wa injunan mai, sannan ta bi layi tana motsa leɓɓa a gaban kowane inji, ba sauti. Gaisuwa take yi. Waɗanda take gaisarwa duk suna maƙabartar bayan coci.

Tana budurwa ta fara aiki a nan. Ƙarar injuna ta kurmantar da matan masaƙa, sai suka saba hira da leɓe kawai, daga wannan bango zuwa wancan. Ita kaɗai ta rage a cikinsu. Wannan watan za ta miƙa makulli, don idonta ya soma hazo.

Ni ban yi nisa a makaranta ba, kuma magana a gaban mutane wuya take mini. Ciwon babana, Malachy, shi ya kai ni wurinta. Gwaggonsa ce ta raine shi, abin da ta gaya masa kawai shi ne uwarsa, Delia Tansey, ta bar shi yana rarrafe ta shiga jirgin Ingila ba ta waiwaya ba, can kuma ta rasu. Da likita ya daina ba mu ƙarfin gwiwa, Baba ya ce yana so ya sani ko ta taɓa son sa.

Na faɗi abin da ya kawo ni kaina a sunkuye.

"Ke 'yar nan, da takalminki kika zo hira?" in ji Inna. "Ɗago fuska, kunnena a bakinki yake."

Na maimaita. Ta daɗe tana kallona. "Haɓar Delia ce wannan. Kawo mini ubanki, ko a baro ne."

Ranar Laraba da la'asar na turo shi a keken marasa lafiya, ana yayyafi. Ta ba mu shayi da burodi, ta ja labule, ta kunna wani tsohon majigi da limamin cocinmu ya ɗauka a zamaninsu, hoto ne ba murya. Bango ya cika da mata a tsaye a gaban injunan nan da ke kewaye da mu. Ɗakin ya yi sanyi, warin ɗanyen ulu ya taso, alhali ba ulu ko tsinke a wurin.

Inna ta fara ba su murya. "Wannan Nan Gildea ce, tana cewa mai duba aiki ya shafa man gashi kamar zai je zance. Kai, Nan, bakinki!" Ta yi dariya, ta mayar wa bangon amsa da leɓe.

Sai wata siririya ta juyo daga injin ƙarshe.

"Ga uwarka nan, Malachy. Nan Gildea ta tambaye ta, da gaske tafiya za ki yi? Ta ce..." Inna ta matsa har inuwarta ta hau bangon. Ta sa na mayar da majigin baya, ta sake dubawa, don ba ta yarda ta ƙara wa mamaci ko kalma. "Ta ce, ɗaki kawai zan nemo mana. Kafin bikin Ista zan dawo in ɗauke shi. Ku hana shi zuwa bakin ruwa."

Baba bai yi kuka ba. Ya ce a sake, aka sake. Ya ɗaga hannunsa, hasken ya zuba a tafinsa, fuskar uwarsa a ciki. "Ban je ba, Mama," in ji shi.

Inna Attracta, ke ce kunnen waɗanda suka yi shiru. Ba mu kaɗai kika yi wa haka ba, mutane sun zo daga Boston da Glasgow da sunan kaka kawai a bakinsu, suka koma da zancenta. Na gode, a madadin babana da ya kwanta dama da zuciya wankakkiya.

Jama'ar garinmu, akwai sauran mata a majigin nan da ba wanda ya zo tambayarsu, suna ta magana. Ku je yanzu, tun Inna tana iya gani, ku zauna ta koya muku.