Sunan Ɗan Fari

Shekarar da ruwa ya cinye mana albasa a bakin kogin Watari, 'yar ƙanen maigidana ta zo mini da wata magana. Tana aikin shara a wata makaranta a birni, inda ake koya wa matasa sauraron masu damuwa a zuciya. Ta ce ana neman tsofaffin ƙauye su zauna kamar marasa lafiya, ɗalibai su riƙa shigowa suna yi musu tambayoyi, malami na gefe yana ba da maki.

Na ce, "Ƙarya zan yi da furfurata?"

Ta ce, "Haba Inna, kowa ya san shiri ne."

Na je. Wata Hajiya mai gilashi, shugabarsu, ta karanta mini labarin sau uku, tunda ni ban yi boko ba. Wai ɗana na fari ya rasu, na daina cin abinci, na daina shiga mutane. Abin da aka tambaya in amsa, wanda ba a tambaya ba in yi shiru. Har suna suka raɗa wa yaron a takarda.

Na ce, "Hajiya, wace uwa ce take kama sunan ɗan farinta?"

Ta yi dariya ta ce ai jarrabawa ce kawai. Ban gaya mata nawa yana kwance a maƙabartar bayan gari ba, kuma tun yana raye har ya koma bakina bai taɓa kiran sunansa ba.

Aka kai ni wani ɗan ɗaki mai kujera uku. Malamin ya zauna a lungu da biro. Da an kaɗa ƙararrawa sai ɗalibi ya faɗo. "Sannu Mama. Yaya sunan yaron? Me ya kashe shi? Kina barci? Kin taɓa tunanin kashe kanki?" Haka, a jere, babu ko Allah ya jiƙansa. Wani ya ɗora ƙafa kan ƙafa, tafin takalminsa na kallona. Wata ta kafa mini ido kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ni kuwa na bi takarda, raina na tafasa, biron Malam na ta gudu.

Sai wata siririyar yarinya ta yi sallama, ta tsaya har na amsa. Ta ja kujerarta gefe, ta sunkuyar da kai. Ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida, ta yi mini gaisuwar mutuwa yadda ake yi. Da ta zo kan yaron sai ta ce, "Babban naki, Inna, shi ne mai leƙo ki da safe ko?"

Ban san lokacin da na bar labarin takarda na kama nawa ba. Na gaya mata yadda yake tsayawa a bakin zaure yana gyaran murya, ni ina yi kamar ban ji ba. Ta bar ni ina faɗa. Ƙararrawa ta katse mu. Na waiga, biron Malam na ajiye a cinyarsa.

Da aka tashi sallar Azahar na tare shi. Ya ce yarinyar ta faɗi jarrabawar, sai ta maimaita shekara. Ba ta tambayi suna ba, ba ta tambayi barci ba, ba ta tambayi ko ina son halaka kaina ba. "Wannan ta ƙarshe, Inna, ana rasa rai a kanta."

Na ce, "Na yarda. Amma da ka bar ta, da kaina zan gaya mata. Waɗannan da ka cika wa takarda, ko ciwon haƙori ba zan faɗa musu ba."

Ya ce lokacin kowa ɗaya ne. Na ce to a nemo wata tsohuwar, ni na gama zama. Magana ta kai wurin Hajiya. Bayan doguwar muhawara da Turanci, aka ce za a sake wa yarinyar jarrabawa bayan sati biyu, kuma ni ce zan zauna mata.

Ranar, yarinyar ta shigo da sauri. Sallamar ma rabi ta yi. Ta zauna daf da ni, ta ɗago ido ta zuba a nawa.

"Mama, yaya sunan yaron?"

Na dube ta. Na san in na yi shiru shekararta ta tafi. Na faɗi sunan takarda. Ta jero sauran, na amsa, biro ya yi ta gudu.

Ta ci. A waje ta durƙusa tana yi mini godiya, tana share ido da mayafi. Na ce ta tashi, kada ta ɓata kayanta. Ban iya sa mata albarka ba. Ba da ita nake fushi ba, amma ita ce a gabana, kuma ni na jawo aka sake mata jarrabawar.