Ranar da Na Tsallako da Maigidana a Zaune

Mutumin da ya koya mini tuƙin babbar mota Bamaguje ne daga wani ƙauye can bayan Gangara. 'Yan'uwansa wasu sun musulunta, wasu sun shiga coci, shi kuwa ya ce inda ya tarar da ubansa nan zai tsaya. Na yi masa wa'azi har bakina ya gaji, amsarsa ɗaya ce: "Kai dai kalli titi." Ban taɓa ganin ya ci amanar ko tiya ɗaya ta wake ba, kuma na so tsohon nan fiye da wasu da muke sahu ɗaya a masallaci. Wanda maganar ta yi wa zafi ya sha ruwa.

Da idonsa ya yi rauni sai ya bar mini sitiyari, amma ya ƙi barin mota. Mukan ɗauko siminti ko katan-katan na taliya daga Kano mu sauke a Maraɗi, mu juyo da wake ko aya. Yana gefena, hula a goshi, gwiwar hannu a kan taga, yana yi mini faɗa kamar jiya na fara. Abu ɗaya ya taɓa roƙona. Ya ce, "In ta same ni a hanya, kada ka bar ni a ƙasar Faransa. Ka kai ni gida mutanena su sa ni kusa da ubana." Nijar yake ce wa ƙasar Faransa. Na ce, "Haba Maigida, ai sai ka binne mu duka."

Wata bazara muka baro Maraɗi da hantsi, mota shaƙe da wake. Mun ɗan yi nisa na ce ya ɓantaro mini goro. Shiru. Na faɗa wani rami da gangan don ya zage ni, nan ma shiru. Sai na gangara gefe na taɓa wuyansa. Da ɗuminsa, idonsa rabi a buɗe yana kallon hanya, amma rai ya riga ya fita. Ko tari bai yi ba.

Na yi salati, na zauna ina gumi. In na gaya wa jandarma, za a mayar da shi asibitin Maraɗi, a shiga neman takarda, kwana biyu ko uku a wannan zafi. Daga ƙarshe a haƙa masa rami a can, ba liman, ba fasto, ba nasa ko ɗaya. Na ce wallahi ba da ni ba. Na janyo masa hula, na naɗa masa rawani a baki kamar mai gudun ƙura, na bar hannunsa a tagar yadda ya saba, na tayar da mota.

A Ɗan Isa, inda 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, suke duba kaya, muka tarar da layi har ba a ganin ƙarshensa. Motocin albasa, na shanu, na aya, kowa ya kashe inji. Direbobi suka sauka suka bi inuwa, ni na kasa sauka. Rana ta take, ƙarfen mota ya ɗau zafi, ga ni ga shi. Ban taɓa sanin gaban mota yana da ƙunci haka ba.

Wata mai fura da ta san mu shekara da shekaru ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofarsa. "Baba, yau ba tsiya? Ko ka yi fushi da matarka ne?" Haka suke wasa, tana ce masa mijinta. Ta miƙo kwano har ya taɓa yatsunsa. Na fizge shi, na ce zazzaɓi yake yi, ta bar shi ya huta. Ta ce, "To ai ga shi yana kallona." Ban waiwaya ba. Ni na shanye furar nan.

Wajen azahar layi ya motsa. Ina taka kuloci motar ta girgiza, sai na ji shi ya yi ajiyar zuciya. Doguwa, daga can ciki, irin wadda yakan yi in na ɓata masa rai. Daga baya masu wankan gawa sun gaya mini iska ce kawai take fita. Sun iya faɗa, ba su ne a ciki ba. Ni dai na ji bakina yana cewa, "Yi haƙuri Maigida, yanzu za mu wuce." Daga nan ban daina yi masa magana ba, ina gaya masa inda muke da motoci nawa suka rage.

'Yan duwan ba su leƙo ba, takardun wake suka dame su. A ɓangarenmu na Jibiya ne wani jami'in kwastan, dattijo mai furfura a gemu, ya taka matakalar ƙofar don ya gaida shi. "Baba, an dawo lafiya?" Wani ƙuda ya sauka a kan ƙwayar idon tsohon yana yawo, ido bai ƙifta ba. Jami'in ya daɗe yana kallo. Ya dube ni, na dube shi, hawaye suka zubo mini. Na ce a hankali, "Ranka ya daɗe, gida kawai zan kai shi." Ya kore ƙudan, ya sa yatsa biyu ya rufe idon, ya sauka. Sai na ji ya ɗaga murya: "Ku buɗe wa motar nan, akwai marar lafiya!" Ban sake ganin mutumin nan ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Bayan la'asar na kutsa da tirela cikin hanyar ƙauyensu da ko amalanke da ƙyar take bi. Maza suka taru muka sauko da shi, a nan ne na ga abin da na yi. Ya sandare a zaune. Gwiwoyi a lanƙwashe, hannu ɗaya a sama. Muka ɗora shi a tabarma ya ƙi kwanciya, sai ya kife a gefe yadda yake. Mata suka ja da baya suna kururuwa, mazan ma babu wanda ya yarda ya matso.

Matarsa ce kaɗai ba ta yi kuka ba. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta durƙusa ta cire masa hular, ta daɗe tana shafa kansa. Sannan ta ɗago ta ce mini, "Ɗana, tun ina amarya yake ce mini baɗi zai ajiye mota ya zo ya kwanta a gida. Kai ka zaunar da shi. Kwantar mini da shi."

Na ce, "Inna, zai ji ciwo." Wallahi haka na ce, ni da gemuna.

Ta ce, "Na sani. Yi."

Na ɗora tafin hannuna a kan gwiwarsa ta dama, na ce ya yafe mini, na danna da duk nauyina.