Zoɓon Gidanmu a Teburin Makaranta

'Yar farina ba ta taɓa ce mini Umma ba. Adda take ce mini, yadda autarmu take kirana, don a bakin autar ta tsinci kalmar tun tana rarrafe. Ni kuma ban saba kama sunanta ba. Mu mutanen Giade ne, jinin Fulani, kuma a gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar ba da ita ake ba. Haka uwarmu ta yi wa babban yayanmu har ta koma ga Allah. Da aure ya kawo ni Azare sai na tarar uwar mijina, Hajiya, ta fi tamu riƙo da wannan kunya. Saboda haka "ke" ne sunan yarinyar a bakina, in ta yi nisa kuma "waccan".

Autar tamu ta zo hannuna karatu a shekarar da na haihu. Duk abin da kunya ta hana ni, ita aka halatta wa. Ita ce goyo, ita ce rawar 'yar tsana, ita ce kitso da lalle ranar Sallah. Ta rera sunan yarinyar da safe, ta rera shi da yamma, ta lanƙwasa shi yadda ta ga dama, ni ina bakin murhu ina ji. Daga baya ta yi karatunta mai zurfi, ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ta yi aure a bayan layinmu. In ta biyo ta gidanmu daga aiki, da farar rigarta a ninke cikin jaka, tana ƙamshin maganin asibiti, sai yarinyar ta watsar da duk aikin da na sa ta, ta ruga tana "Anti! Anti!" Ba zan ɓoye ba, ina jin haushi. Ciki ɗaya muka fito da autar nan, ina sonta, amma akwai ranakun da sallamarta kawai take ɓata mini rai.

Sana'ata zoɓo ce. Ina dafawa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, in ɗura a gora, in sa a firji in an ga dama an kawo wuta. A shekarar da yarinyar take aji huɗu na sakandare, rediyo ya ɗauki maganar masu zuba kala a abinci. Yau a ce manja, gobe a ce yaji, jibi a ce abin sha. Wata maƙwabciya da ta shekara tana shan zoɓona ta ɗaga gora sama wata rana, ta kanne ido ɗaya, ta ce, "Wannan ja haka, anya?" Na ce mata ja dai Allah ya yi shi. Ta saya ta tafi, amma maganar ta zauna mini a wuya. Yarinyar tana tsakar gida tana wankin gorori, ta ji komai, ba ta ɗago ba.

Wata Asabar da hantsi na jiƙa kanwa zan yi ɗanwake, ga kuma zoɓo na tace yana hucewa. Hankalina ya rabu, na ɗauki ludayin kanwar na ɗebi zoɓo a ƙaramin kwano zan ɗanɗana. Nan take jan ya mutu, ya koma wani duhu-duhu mai kore, kamar ruwan kwata. Ni na san wannan tun ina yarinya, duk mai dafa zoɓo ta san ba ya shiri da kanwa. Sai na ji numfashi a kafaɗata.

"Adda, me ya same shi?"

"Kanwa ce ta taɓa shi."

"To ya lalace ke nan?"

Na yanka lemon tsami na matsa a ciki, na juya. Jan ya dawo, har ya fi na da haske. Yarinyar ta dafa hannuna da hannu biyu, ta ce, "Adda, sake! Don Allah sake!" Rabon da ta dafa ni haka tun tana koyon tafiya. Na ɗiga kanwa, ya yi duhu. Na matsa lemo, ya yi ja. Ta ce, "Me ya sa yake yin haka?" Ina so in ce mata ban sani ba, amma zauna mu yi ta gwadawa, ga toka, ga tsamiya, ga sabulu. Sai Hajiya ta yi gyaran murya daga kan tabarmarta a inuwar ɗaki. Ba da wata manufa ta yi ba, wataƙila goro ne ya sarƙe ta. Amma na janye hannuna, na ce, "Ina na sani? Ke matsa ki ba ni wuri, aiki nake yi."

Ta matsa kuwa. Ta zari hijabi, ta ɗauki kwanon nawa, ta yi bayan layi.

Da la'asar ta dawo baki cike da bayani. Wai Anti ta ce a cikin zoɓo akwai wani sinadari mai ba shi launi, wanda yake canza kama in ya haɗu da abu mai tsami, ya sake canzawa in ya haɗu da irin su kanwa da toka. Wai Anti ta ce su ma a wurin aiki suna da 'yar takarda mai yin haka. Wai Anti ta ce jar kalar kanti ba ta cika damuwa da kanwa ba, don haka ana iya gane zoɓon gaskiya da na bogi. Ƙannenta take faɗa wa, amma da ƙarfi, yadda zan ji daga madafa. Anti ta ce, Anti ta ce. Kai ka ce Antin ce ta shuka zoɓon.

Makarantarsu tana shirin ranar baje kolin kimiyya, sai ta ce wannan za ta nuna. Daga nan gidan autarmu ya zama wurin aiki, gidana kuma ya zama kasuwar da ake ɗiban kaya kyauta. A ɗebi zoɓona, a gutsiri kanwata, a kwashe mini lemo, a tafi can a yi dariyar. Ran nan na ce, "Ke, lambu gare ni?" Ta ajiye lemon a hankali ta fita. Da ta tafi na ba ƙaninta shi a leda, na ce ya kai mata, kada ya ce ni na aiko.

Wata rana da gida ya yi shiru, yara suna makaranta, Hajiya ta tafi barka, na aika aka sayo mini jar kala ta ƙulli. Na dama a kofi, na ɗiga kanwa. Ko gezau. Na ɗiga a zoɓona, ya rikiɗe. Na tsaya ni kaɗai a madafa ina murmushi kamar wata taɓaɓɓiya, na waiga in nuna wa wani, babu kowa sai kaji. Na zubar a makwarara na wanke kofunan.

Ranar bajin, maigidan yana kasuwar Gamawa. Hajiya ta ce za ta je ta ga jikarta, ni kuma na bi ta a matsayin mai riƙe mata jaka, don uwa ba ta cewa za ta je kallon 'yar fari. Muka tarar da rumfuna a filin makaranta, tebura a jere, wasu yara sun haɗa fanka da batir, wasu sun yi sabulun ruwa. Teburinta yana can gefe, da ƙananan kwalabe na gilashi da autarmu ta samo mata. Autar tana tsaye a bayanta tana gyara mata hijabi. Ni da Hajiya muka zauna a benci na biyu.

Da malamai masu dubawa suka iso, ta ɗaga kwalabe biyu, duka ja, ba ka bambance su. Ta ce ɗaya ruwan kala ne, ɗaya kuma zoɓon gidanmu ne, wanda ake sayarwa. Ta ɗiga ruwan kanwa a kowace. Ta kalar ta tsaya yadda take, tawa ta koma duhun kore, mutane suka ce "Kai!" Ta matsa lemo, jan ya dawo. Ta ce duk mai shakkar zoɓon da ya saya, ga yadda zai gwada a gida, ba sai ya zargi kowa ba. Ban sani ba ko da maƙwabciyar nan take. Na dai sunkuyar da kai ina gyara zip ɗin jakar Hajiya.

Wani malami mai furfura ya tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce, "Antina ce ta fahimtar da ni dalilin." Ya ce, "To a ina kika fara gani?" Ba ta kalli inda nake ba. Ta ce, "A gida."

A gida. Sai ka ce bango ne ya matsa lemon. Na san ita ma kunyar take yi, ni na koya mata, amma sanin bai rage mini komai ba.

Teburinta ya zo na ɗaya a ajinsu. Autarmu ta saki guɗa, ta rungume ta, ta ɗaga ta sama kamar 'yar yaye, ana ta ɗaukarsu hoto a waya. Wata malama ta riƙe hannun autar ta ce, "Barka, 'yarki ta fitar da ke kunya." Autar ta yi dariya ta ce, "'Yata ce mana!" Kuma ba ƙarya ta yi ba, a al'adarmu 'yarta ce. Ni da na yi naƙudar ina benci da jakar wata a cinya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na kira sunanta. Cikakke, da ƙarfi, a gaban uwar mijina da duk wanda yake wurin. Ya fito mini wani iri, kamar na sa takalmin da ba nawa ba. Hajiya ta juyo ta dube ni baki buɗe.

Yarinyar ta waiwaya da sauri, fuska cike da fara'a, ta ce, "Na'am, Anti?"

Muryarmu ɗaya da autar, kowa yana faɗa, ko a waya ba a raba mu. Kuma a wannan muryar, mutum ɗaya ce ta taɓa kiranta da suna. Autar ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta gane abin da ya faru. Sai ta yi abin da 'yar'uwa ta gari take yi, ta rufa mini asiri. Ta ce, "Cewa na yi ki tattara kwalaben nan kada a fasa."

Yarinyar ta ce to, ta juya tana tattarawa. Hajiya ta gyara mayafi ta ce zafi ya yi yawa, mu tafi. A hanya autar ta matso ta riƙe mini hannu ta matse, ni kuwa ban taɓa jin haushinta kamar na ranar ba.

Da muka isa gida yarinyar ta wanke kwanon nan nawa da ta ɗauka tun ranar farko, ta miƙo mini, ta ce, "Adda, ga kwanonki."

Na ce, "Ke, ajiye a can."