Saiwar Jema a Ruwan Labbo

Labbo mai zana ne a wani ƙauye kusa da Argungu. Tun yana saurayi yake shiga daji da lauje bayan kaka, ya yanko gamba, ya saƙa, ya kai kasuwa. Har daga Birnin Kebbi ake zuwa neman zanarsa. In hira ta zo kan ciyawa kuwa, ba ya barin kowa ya sa baki. Gamba, in ji shi, 'yar tudu ce, tsakanin kalgo da sabara take fitowa, inda ruwa ba ya kwana, ganyenta da gashi-gashi da farin layi a tsakiya. Jema kuma ta fadama ce, duk inda ka gan ta to ruwa yana zuwa ya zauna. Duk gaskiya ne, sai dai ya faɗa har kunnen mutane ya gaji.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne yanar ido ta soma rage masa gani.

Shekarar da gulbi ya cika ya ci unguwarsu, mai gari ya ce kowa ya zaɓi fili a bayan gari. Rani ne, wuta ta riga ta cinye dajin, ba abin da ya rage sai baƙaƙen tushe da ɗan tofo. Maƙwabta suka bi Labbo, tunda shi ne gwanin ciyawa. Da a ce ya sunkuya ya taɓa ganye, da hannunsa ya gaya masa gaskiya. Amma wanda ya saba cika baki ba ya son sunkuyawa a gaban jama'a. Daga tsaye ya nuna da sanda.

"Gamba ta. Nan za mu gina."

Aka sa ranar buga tubali. Ana gobe za a fara, ya dawo daga kasuwa da rana tsaka, matarsa Sauda ta kawo masa ruwa a moɗa. Ya kai baki sai ya ji ƙamshin saiwar jema, wadda mata kan jefa a randa.

"Ina kis samo jema da ranin ga?"

"Hilin da kaz zaɓa, Malam. Ko'ina ita ta."

Ta koma wajen dakanta. Labbo ya daɗe riƙe da moɗar. Kunya ta kama shi, bayanta tsoro ya biyo, don ba gidansa kaɗai za a dasa a kwanciyar ruwa ba.

Da safe ya tarar mutane sun taru har sun fara kwaɓa ƙasa. Ya ce su dakata.

"Idona ya tahi. Jema ta, ba gamba ba. Ku bar hilin ga."

Ya miƙa wa Sauda sandarsa, ya durƙusa, ya riƙa bin tushe ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana hawa tudu da rarrafe, jama'a na biye da shi. Can kusa da wasu kalgo ya ji gashi a yatsunsa, ya tsaya. A nan unguwar take yau.

Har yanzu Labbo yana saƙa zana, kuma ba ta rage kyau ba. In za shi daji, Sauda ce a gaba, riƙe da bakin sandar.