Hannun Hagu a Aljihu

Imrana ba ta san sunan baƙon ba. Tun safe take satar kallonsa daga inda take tsintar tsofaffin kwalaye, a masana'antar takarda da ke bayan garin Muzaffarnagar. Siriri ne, gemunsa ya sha lalle, takalman robarsa sun yi masa yawa. An ce shi ya kafa ƙarafan da ke sakar wa kwaɓin takarda wutar lantarki, don danƙon gam da salatif ya daina yaga takarda a inji.

Abin da ke tayar mata da hankali shi ne mai wutar ma tsoronta yake ji. Ba ya matsawa kusa da tankin kwaɓin sai leɓɓansa sun motsa da addu'a. Hannun hagunsa kuwa ba ya barin aljihu, ko shayi aka miƙo masa.

Ga Kawu Bundu nan tafe, wanda ya shekara talatin yana gwada danƙo da yatsunsa. Yana naɗe hannun riga, yana sunkuyawa kan tankin zai tsoma hannu.

Baƙon ya yi tsalle ya fizgo shi da hannu biyu, suka zube ƙasa.

"Kai ɗan birni, kunun takarda ne fa, ba ya cizo," in ji Kawu.

"Haka yayana ya ce, Kawu."

Sai a lokacin Imrana ta ga hannun. Yatsu biyu suka rage, fatar ta ƙone ta murɗe. Wataƙila da shi ya riƙo yayan nasa ranar da wutar lantarki ta kama shi. Ba ta iya tambayarsa ko ya samu janyo shi ba.