Injiniya Abdussalam Khalilu, Wanda Ya Kai Ma'aikatan Layin Dogo Gayya

Haihuwa da karatu

An haifi Injiniya Abdussalam Khalilu ranar Laraba, 14 ga Yuni, 1972, a Gidan Mala, wani ƙauye da ke arewa da Ɗanbatta. Mahaifinsa, Malam Khalilu, malamin allo ne kuma manomin gero da gyaɗa, mahaifiyarsa kuwa Malama Kaltume. Ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya yi firamare da sakandare a Ɗanbatta, sannan ya karanci ilimin kwamfuta a jami'a, ya kammala a 1998. Mahaifinsa ya sha faɗa cewa ba ƙaunar boko ce ta sa ya tura shi ba, tausayin gero ne, domin yaron bai taɓa bambance shi da ciyawa ba.

Aure da aiki

A 2001 ya auri Malama Zulaihatu, 'yar Tofa, suka zauna a Rijiyar Zaki. Ya shafe shekara ashirin yana rubuta manhaja, kuma a 2019 wani kamfanin kwangilar layin dogo ya ɗauke shi, inda ya ƙirƙiro manhajar da ke tsara jadawalin aiki: wane ne zai yi me, a ina, a wace rana. Manhajar ba ta taɓa kuskure ba, matuƙar ba a kawo mutane cikin maganar ba.

Shugabanci da daminar 2023

A farkon 2023, shekarar da hatsi ya yi tsadar da magidanta ba su manta ba, aka raba shi da teburinsa aka damƙa masa ma'aikata sittin, akasarinsu manoman yankin da layin ya ratsa, aka kuma ba shi mai wannan rubutu a matsayin mataimaki. Aikin shi ne kammala ciko da kwalbatoci na kilomita tara kafin ruwan Agusta. In ba haka ba ruwa ya kwashe cikon, kamfani ya sallami kowa.

Jadawalin ya ajiye aiki mafi nauyi a farkon Yuli. Ya san ranakun hutu da ranar zuwan siminti, amma bai san firi ba, wato noman farko da ake yi wa gero kafin ciyawa ta shaƙe shi. Ranar Litinin mutum goma sha ɗaya kacal suka fito aiki, sauran suna gonakinsu. Mai wannan rubutu ya ba da shawara, shafi biyu cur, cewa a kore su a ɗauko leburori daga birni. Abin takaici, takardar tana nan har yau.

Marigayin bai karanta ta ba. Ya bi babban leburan, wani dattijo mai suna Muhammadu Sani, har gonarsa. Dattijon bai ko ɗago daga kan fartanya ba ya ce, "Injiniya, jirgin nan tun muna samari ake ce mana yana tafe, zai iya ƙara sati biyu. Iyalina kuwa ba ƙarfe za su ci ba."

Washegari ya shigar da gonar kowane ma'aikaci cikin manhajar, da girmanta da nisanta, ya mayar da jadawalin na gayya: daga sallar asuba zuwa hantsi duk su sittin su faɗa wa gonaki uku, sannan su wuce bakin layi har magariba. Shi ma ya riƙe fartanya na kwana biyu, kafin ma'aikata su roƙe shi cikin ladabi ya koma rabon ruwa. Mai wannan rubutu aka ba gadin takalma. Cikin kwana goma sha bakwai aka nome gonaki arba'in da tara, aka rufe kwalbati na ƙarshe ranar 29 ga Yuli, kwana tara kafin ruwan da ya shafe hanyar motar yankin. Cikon bai motsa ba, ba a sallami ko mutum ɗaya ba. A 2024 aka ɗora shi bisa rukunonin ma'aikata huɗu, aka kuma shigar da firi cikin jadawalin kamfanin.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 4 ga Yuli, 2025, bayan gajeriyar jinya, aka sallace shi a Gidan Mala, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ranar addu'ar uku ma'aikatansa suka iso da fartanyoyi, suka nome gonar da ya gada tas, sannan suka wanke hannu suka shigo ta'aziyya.

Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: Abdulƙadir, Asama'u, Sakinatu, Furera, da autansu Muhammadu Sani, wanda aka haifa a daminar gayyar, aka raɗa masa sunan dattijon da ya ƙi fitowa aiki. Allah Ya jiƙansa da rahama.