Jan Zakaran da Na Cire

Har yau in aka kawo mini jan yadi shago, sai na dakata kafin in ɗauki almakashi. Na tsufa a kan keken ɗinki, amma abin bai sake ni ba.

Mahaifina mawaƙin manoma ne a Kazaure. Tun shekarun samun 'yancin kai kayan makaɗansa iri ɗaya ne: baƙar riga ta marina, da jan zakara ɗinke a gadon baya, faɗinsa ya kai faifai. Ko a Roni ko a Babura, in mata suka hango kekuna a jere, ba sa tambaya, sai su ce masu zakara sun iso. Baba kaɗai ne ba shi da zakara. Kullum makaɗan na gaba, shi yana biye yana waƙa. Ni na ɗauka isa ce irin ta manya.

Da kuɗin fetur suka shigo, kowa ya koma farar shadda. Lokacin na yi sabon keken ɗinki, ina ji da kaina, ba mai gaya mini magana. Na dinga yi wa Baba mita, wai rigunan suna zuba a jiki, zakaran kuma ƙauyanci ne, sai ka ce masu tallar kaji.

"Ka bar mini zakarana," in ji shi.

"Haba Baba, ai zamani ya wuce nan."

Ya yi shiru. Na ɗauki shirun a matsayin yarda, don abin da nake so ke nan. Na ɗinka musu farare ƙal, ba zane ko ɗaya.

Fitarsu ta farko bikin wani babban manomi ne a Gwiwa, ranar kasuwa, da rana tsaka. Na bi su don in sha yabo. Filin cike da fararen riguna, ga wasu makaɗan, ga lasifika tana ihu. Mutanenmu suka kutsa cikin taro suka karya hagu zuwa rumfar biki. Baba kuwa ya miƙe gaba. Ya bi bayan wani falken shanu mai farar riga, yana ta wasa manomin da iyakar muryarsa, har cikin kara, tsakiyar shanu. Kasuwa ta ɗauki dariya.

Na kutsa na kama hannunsa. A hankali ya ce, "Ina zakaran?"

A hanyar gida babban makaɗinsa ya gaya mini, ko kallona bai yi ba. Idon Baba ya daɗe da yin yana, jan nan kaɗai yake iya tsinta a cikin taro. Duk sun sani, sun rufa masa asiri, don mawaƙin noma aikin da ya gani yake yabo, kuma ba mai gayyatar wanda ba ya ganin gona. Ni ɗansa, da surutuna, ni na tona shi a kasuwa.

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Bai ƙara fita waƙa ba.

Kunya ta hana ni komai har bayan girbi. Sannan na sayo baƙin saƙi, na ɗinka jan zakaran da ya ninka na da, na kai masa zaure. Ya shafa shi tun daga kai har wutsiya, ya ɗaga shi dab da fuskarsa, ya daɗe.

"Ɗinkin ya yi kyau," in ji shi. "Wane launi ka sa?"